Alhaji Shehu Shagari: Tambayoyi da Amsoshi kan Rayuwarsa, Mulkinsa da Juyin Mulkin 1983

Wane ne Shehu Shagari, kuma daga ina ya fito?

Cikakken sunansa Shehu Usman Aliyu Shagari. An haife shi ranar 25 ga Fabrairu, 1925, a garin Shagari da ke kudu da birnin Sakkwato, wanda yau shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Shagari. Mahaifinsa Aliyu shi ne Magajin Shagari, kuma ya rasu tun Shehu yana ƙarami. Bayan makarantar allo sai aka sa shi elementare a Yabo, daga nan Midil ta Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya aka san ta da Barewa. Aikin da ya fara shi ne koyarwa: ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu, ya kuma yi malamin zagaye mai duba makarantun lardi. A wannan zamani ne ya rubuta Waƙar Nijeriya, doguwar waƙar Hausa da ke koya wa yara labarin ƙasa da tarihi ta hanyar baitoci. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962.

Waɗanne muƙamai ya riƙe kafin ya zama shugaban ƙasa?

Da wuya a sami ɗan siyasar zamaninsa da ya zaga ma'aikatu kamarsa. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954 a ƙarƙashin jam'iyyar NPC. A 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa. Daga 1959 zuwa 1966 ya riƙe ma'aikatun raya tattalin arziki, harkokin ma'aikata da fansho, cikin gida, da ayyuka. Yana ministan ayyuka sojoji suka yi juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Ya tattara ya koma gida, ya shiga aikin tara kuɗin gina makarantu a lardin Sakkwato, sannan ya yi kwamishina a Jihar Arewa maso Yamma.

Janar Gowon ya sake kiransa Legas a 1970, ya ba shi aikin raya tattalin arziki da farfaɗo da yankunan da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita. A 1971 ya gaji Cif Obafemi Awolowo a kujerar kwamishinan kuɗi na tarayya, ya zauna a kai har 1975. A hannunsa aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, ranar 1 ga Janairu, 1973.

Me ya sa ake kiransa mai ra'ayin riƙau?

A siyasar Nijeriya ta wancan lokaci, mai ra'ayin riƙau shi ne wanda yake ganin a bar sarakuna da martabarsu, a bar 'yan kasuwa da 'yan kwangila su yi harkarsu, a yi gyara sannu a hankali, kuma a ci gaba da ƙawance da Ingila da Amurka. Jam'iyyar NPN, wadda aka kafa a 1978, ita ce gidan masu wannan ra'ayi. Ƙashin bayanta tsofaffin 'yan NPC ne, amma ta fi NPC faɗi nesa ba kusa ba, domin ta jawo manyan ƙananan ƙabilun Kudu da na Tsakiya irin su Joseph Tarka na Binuwai, da attajiran Yarabawa da Ibo. Alamarta gida da masara, wato muhalli da abinci, kuma a Arewa takenta shi ne "NPN, Aminci".

Kishiyoyinta su ne suka kira kansu masu neman sauyi: PRP ta Malam Aminu Kano mai rajin talakawa, da UPN ta Awolowo mai alkawarin ilimi da magani kyauta. Bambancin ya fito fili tun ranar farko, lokacin da gwamnonin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali. Amma kada a ɗauka riƙau ɗin Shagari irin na Margaret Thatcher ne ta Ingila. Gwamnatinsa ba ta sayar da kamfanonin hukuma ba, ita ce ma ta zuba kuɗi a masana'antun ƙarfe da gidaje da jami'o'i.

Gaskiya ne bai nemi shugabancin ƙasa ba?

Shi kansa ya sha faɗa cewa kujerar Majalisar Dattawa yake so. Manyan jam'iyya ne suka ga ya fi kowa ƙarancin abokan gaba. A taron fid da gwani na Disamban 1978 a Legas ya kara da Yusuf Maitama Sule, Adamu Ciroma, Olusola Saraki, Joseph Tarka da Iya Abubakar, ya zo kan gaba. NPN ta bi tsarin karɓa-karɓa na yankuna: ɗan takara daga Arewa, mataimaki Alex Ekwueme daga Gabas, shugaban jam'iyya Adisa Akinloye daga Yamma. Wannan tsari ya kawo ƙuri'u, sai dai ya zo da farashi. Wanda manya suka ɗauko suka ɗora, da wuya ya iya tsawata musu daga baya, kuma wannan ita ce matsalar da ta bi Shagari har ƙarshen mulkinsa.

Mene ne rikicin "goma sha biyu da biyu bisa uku"?

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta, 1979. Shagari ya sami ƙuri'u 5,688,857, Awolowo 4,916,651, Nnamdi Azikiwe na NPP ya zo na uku, sai Malam Aminu Kano, sai Waziri Ibrahim na GNPP. Amma rinjaye kaɗai bai isa ba. Doka ta ce dole wanda ya ci ya sami aƙalla rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi 19 ne a lokacin, kuma 19 ba ta rabuwa uku daidai. Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12 cif. A ta goma sha uku, wato Kano, ya sami ƙuri'u 243,423 cikin 1,220,763, kusan kashi 20 cikin ɗari, bai kai rubu'i ba.

Awolowo ya ce ba a yanka jiha kamar nama, don haka biyu bisa uku na 19 shi ne 13, sai a tafi zagaye na biyu. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya kawo wani lissafi: biyu bisa uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, don haka a jiha ta goma sha uku sai a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un da aka kaɗa, wato 813,842, a fitar da rubu'insu, wato 203,460 da rabi. Ƙuri'un Shagari a Kano sun haura wannan. Hukumar zaɓe ta FEDECO ƙarƙashin Michael Ani ta karɓi lissafin, kuma ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Atanda Fatayi-Williams ta tabbatar da shi, Mai Shari'a Kayode Eso ya saɓa wa sauran. Akwai ɗan sarƙaƙiya a lissafin da masu suka ba su daina nunawa ba: an rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa biyu bisa uku, amma ba a rage na Shagari ba. An rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979, Janar Obasanjo ya miƙa masa mulki, sai dai wani babban sashe na Yamma bai taɓa yarda cewa ya ci ba.

Yaya ƙarfin jam'iyyarsa yake a majalisa da jihohi?

Ba shi da rinjaye. NPN ta sami kujeru 36 cikin 95 a Majalisar Dattawa, da 168 cikin 449 a ta Wakilai. Gwamnoni bakwai ne nata: Sakkwato, Neja, Bauci, Binuwai, Kwara, Ribas da Kuros Riba. Sauran 12 na 'yan adawa ne. Dole ta sa aka ƙulla yarjejeniya da NPP, aka ba ta kujerar kakakin Majalisar Wakilai da wasu ministoci. Ƙawancen ya watse a tsakiyar 1981.

Siyasar ta yi zafi tun da wuri. A Janairun 1980 aka ɗauke Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye na GNPP a majalisar Jihar Barno, aka tsallaka da shi Cadi da hujjar cewa ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta ce an zalunce shi, ta maido masa da haƙƙinsa. A Kaduna kuwa, majalisar da NPN ta mamaye ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, daga ƙarshe ta tsige shi a Yunin 1981.

Waɗanne ayyuka aka yi a zamaninsa da har yanzu ake gani?

Mafi sananne su ne gidajen Shagari, rukunin ƙananan gidaje masu sauƙin kuɗi da aka shirya gina 2,000 a kowace jiha duk shekara. A garuruwa da dama har yau unguwar sunanta Shagari Kwatas. Shirin bai cim ma adadin da aka sa masa ba, saboda dalilai da aka sani: wasu gwamnonin adawa sun ƙi ba da fili, an gina wasu rukunan can bayan gari inda babu ruwa babu hanya, an kuma raba kwangila ga 'yan jam'iyya da ba su san aikin gini ba, suka karɓi kuɗin somin-taɓi suka ɓace.

An buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980. An buɗe masana'antar ƙarfe ta Aladja a 1982, da masana'antun sarrafa ƙarfe na Katsina, Jos da Oshogbo, aka kuma ci gaba da ginin Ajaokuta tare da Tarayyar Sobiyet. An kafa jami'o'in fasaha na tarayya a Bauci, Makurɗi, Owerri, Yola, Akure, Minna da Abeokuta. Tsarin karatu na 6-3-3-4 ya fara aiki a 1982. A 1981, bayan yajin aikin gama-gari da shugaban ƙungiyar ƙwadago Hassan Sunmonu ya jagoranta, aka kafa mafi ƙarancin albashi na naira 125. Shi ne kuma ya matsa a kan ginin Abuja, har aka yi bikin 'yancin kai na 1982 a can. A ɓangaren sulhu, ya yi wa Janar Gowon afuwa a 1981, ya yi wa Odumegwu Ojukwu a 1982, Ojukwun ya dawo daga Kwaddibuwa ya shiga NPN.

To ina aka kwana a shirin bunƙasa noma?

An ƙaddamar da shi a 1980 da niyyar ƙasa ta ciyar da kanta cikin 'yan shekaru. An shigo da taraktoci da taki, an zuba kuɗi a hukumomin raya kogunan ƙasa. Abin da ya karya shi yana cikin darajar naira. A 1980 dala ɗaya ba ta wuce kwabo 55 ba, don haka shinkafar waje ta fi ta gida araha a kasuwa. Manomi ba zai iya gogayya da jirgin ruwa ba. Sannan shigo da shinkafar sai da lasisi, kuma lasisin ya zama abin rabawa ga na hannun dama. Mai lasisi ba lallai ne ya taɓa ganin tashar jirgin ruwa ba: sai ya sayar wa ɗan kasuwa takardar, ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin a kan buhu, dillali ya ɓoye kaya har farashi ya tashi. Kwamitin shugaban ƙasa kan shinkafa, wanda ministan sufuri Umaru Dikko ya shugabanta, shi ne ya fi shan zargi a bakin jama'a.

Kuma akwai Bakolori. A Afrilun 1980 manoman yankin Talata Mafara da aikin madatsar ruwa ya cinye wa gonaki suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta. Hukuma ta ba da adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne suka mutu. Abin ya faru ne a jihar shugaban ƙasa kansa.

Yaya tattalin arziki ya durƙushe cikin ɗan lokaci haka?

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na kuɗin waje daga man fetur suke fitowa. A 1980 gangar man Nijeriya ta kai kusan dala 40, ana haƙo wajen ganga miliyan biyu a rana, kuma a kan wannan aka tsara kashe kuɗi. Daga 1981 mai ya yi kwantai a kasuwar duniya, masu saye suka juya ga man Tekun Arewa, har akwai watannin da abin da ake haƙowa ya gaza ganga miliyan ɗaya. Kuɗin da mai ke kawowa ya faɗo daga wajen dala biliyan 25 a 1980 zuwa wajen biliyan 10 a 1983. Ajiyar kuɗin waje, wadda ta kai wajen dala biliyan 10, ta koma ƙasa da biliyan biyu.

Awolowo ya rubuta wa Shagari wasiƙa a tsakiyar 1981 yana gargaɗin cewa tattalin arziki na gab da nutsewa, gwamnati ta ɗauke ta a matsayin maganar adawa. Sai a Afrilun 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, aka ƙara kuɗin fito. Masana'antu da suka dogara da kayan aiki daga waje suka fara rufewa suna sallamar ma'aikata. Sabulu, madara, sukari da man girki suka yi wuya. Jihohi suka kasa biyan malaman makaranta wata da watanni. A 1983 fari ya zo, ciwon bushiya ya faɗa wa shanu. Ana cikin haka gobara ta riƙa tashi a manyan gine-ginen hukuma, ciki har da dogon benen kamfanin sadarwa na NET a Legas a Janairun 1983, jama'a kuwa suka ɗauka ana ƙona takardun shaida ne.

Me ya sa aka kori baƙi a 1983?

Ranar 17 ga Janairu, 1983, ministan cikin gida Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takardun zama mako biyu ya fice. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran daga Nijar, Cadi, Kamaru, Togo da Binin. Hujjar gwamnati ita ce rashin aikin yi da tsaro, musamman bayan rikicin Maitatsine na Disamban 1980 a Kano, wanda kwamitin bincike ya ce mutum 4,177 suka mutu a cikinsa, da wanda ya biyo baya a Bulunkutu ta Maiduguri da Kaduna a 1982. Shi Muhammadu Marwa, wato Maitatsine, asalinsa daga Kamaru ne. Korar ta zubar da mutuncin Nijeriya a idon maƙwabta, kuma ba ta samar wa kowa aiki ba. Abin da ya rage daga gare ta shi ne sunan jakar nan mai zanen murabba'i, wato "Ghana Must Go".

Shin zaɓen 1983 ne ya jawo juyin mulki?

Shi ne ya cire wa gwamnatin rigar kariya. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 6 ga Agusta, kusan wata huɗu bayan rasuwar Malam Aminu Kano. An ba Shagari ƙuri'u sama da miliyan 12, Awolowo kusan miliyan takwas. Mai yiwuwa ne Shagari zai ci ko ba maguɗi, tunda 'yan adawa sun kasa tsayar da mutum ɗaya. Ɓarnar ta fi muni a zaɓen gwamnoni. Rajistar masu zaɓe ta kumbura zuwa sama da miliyan 65, adadin da ba wanda ya yarda da shi. NPN ta karɓe Oyo, Anambara, Bendel, Barno, Gongola da Kaduna. A Ondo aka ce Akin Omoboriowo na NPN ya kayar da Gwamna Michael Ajasin na UPN, Akure ta kama da wuta, aka kashe mutane aka ƙona gidaje, daga baya kotu ta maido da Ajasin. Kuma ba NPN kaɗai ta yi aringizo ba, kowace jam'iyya ta yi a inda take da iko. Sai dai mai 'yan sanda da hukumar zaɓe a hannu shi ya fi kowa ɗaukar laifi.

Yaya aka yi juyin mulkin kansa?

Ranar 29 ga Disamba, 1983, Shagari ya gabatar da kasafin kuɗin 1984, ya wuce Abuja hutun ƙarshen shekara. Daren 30 wayewar 31 ga wata sojoji suka motsa. A Legas da sauran manyan garuruwa kusan ba a yi harbi ba. A Abuja ne aka zubar da jini: Birgediya Ibrahim Bako, wanda aka tura ya kama shugaban ƙasa, ya ci karo da dakarun da ke gadinsa, aka yi musayar wuta, ya rasa ransa. Masu tsaron Shagari sun riga sun fitar da shi daga masaukinsa cikin dare. Daga baya ya shiga hannun sojoji, aka kai shi Kaduna, sannan Legas.

Da safe aka ji muryar Birgediya Sani Abacha a rediyo yana lissafa laifuffukan gwamnati: tsadar abinci, albashin da ba a biya ba, asibitocin da suka koma wurin ganin likita kawai babu magani. Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa, Tunde Idiagbon mataimakinsa, Ibrahim Babangida hafsan sojojin ƙasa.

Akwai kuma dalilan da ba a faɗa a rediyo ba. Tsakanin Shagari da wasu manyan hafsoshi an daɗe ana 'yar tsama. A 1981, da jandarmomin Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan iyaka, ya zaɓi sulhu maimakon ramuwa. A 1983, lokacin rikicin tsibiran Tafkin Cadi, Buhari yana kwamandan runduna ta uku a Jos ya kutsa cikin ƙasar Cadi fiye da yadda fadar shugaban ƙasa ta so. Ga kuma ƙarfafa 'yan sanda da motoci masu sulke a ƙarƙashin Sufeto Janar Sunday Adewusi, abin da sojoji suka kalla da wani ido. Yawancin waɗanda suka kifar da shi 'yan Arewa ne kamarsa, don haka wannan juyin mulki ba a iya fassara shi da ƙabilanci.

An same shi da laifin cin dukiyar ƙasa?

A'a. Gwamnatin Buhari ta tsare shi a wani gida a Ikoyi, Ekwueme kuwa aka kai shi kurkukun Kirikiri, bambancin da ya jawo surutu. Kotunan soja sun yanke wa gwamnoni da dama ɗaurin shekaru masu yawa. Umaru Dikko ya tsere Landan, inda a Yulin 1984 aka yi yunƙurin sato shi cikin akwati, jami'an kwastan suka gano a filin jirgin Stansted. Bayan Babangida ya kifar da Buhari a Agustan 1985, kwamitin Mai Shari'a Samson Uwaifo ya binciki Shagari da Ekwueme, ya wanke su a 1986. Duk da haka an haramta masa siyasa, aka kuma taƙaita shi a garinsu na wani lokaci.

Wankewar ta tsaya a kan aljihunsa. Ba ta amsa tambayar da ta fi nauyi ba, wato me ya sa ministoci da jiga-jigan jam'iyya suka yi ta wadaƙa a gabansa bai hana ba. Ya ɗauki mataki a makare: a wa'adi na biyu ya sauke mafi yawan tsofaffin ministocinsa, ya kafa ma'aikatar gyaran ɗabi'a ya ba Maitama Sule. Wa'adin bai wuce wata uku ba.

Me ya yi bayan an sake shi?

Bai sake neman kujera ba ko bayan an ɗage haramcin. Ya zauna tsakanin Shagari da Sakkwato, yana noma, yana halartar taron Majalisar Ƙoli ta Ƙasa a matsayin tsohon shugaba, ana kuma tura shi sasanci idan rigima ta taso. Ya wallafa tarihin rayuwarsa da Turanci a 2001. Doguwar hular da ya saba sawa ta ci sunansa, har a Kudu ana ce mata hular Shagari, kuma kwalejin horar da malamai ta Sakkwato tana ɗauke da sunansa. Ya rasu ranar 28 ga Disamba, 2018, a Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da shekara 93, a lokacin Buhari na kan mulki a matsayin zaɓaɓɓen shugaba. Washegari aka yi masa sallah aka binne shi a garin Shagari.